Yadin Ulu Da Yadda A Ke Gane Na Ƙwarai

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, na san wani zai yi mamaki ya ce, me ya haɗa Bakatsine da zancen yadin kwat, mutumin da ya buɗe ido ya tarar da kakansa cikin babbar riga da rawani? To, ni ma da haka na ke gani. Amma bara wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na shiga tambaye-tambaye, har na tara ɗan abin da zan rubuta muku a nan.

Yayana ne ya gama karatun shari'a a jami'a, aka ba shi gurbi a Makarantar Horon Lauyoyi, reshen Bagauda da ke ƙasar Kano. Makarantar nan kuwa, wadda aka fara kafawa a Ikko cikin 1962, ba ta wasa da zancen tufafi. Namiji sai baƙin kwat da wando, da farar taguwa, da laktaye. Baba ya ce ɗansa ba zai shiga cikin 'ya'yan mutane da kayan aro ba. Ya kwance raguna biyu daga cikin waɗanda ya turke domin kasuwar Layya, ya sayar, muka ɗunguma mu uku zuwa wani kanti. Mai kanti ya sauko mana da wani baƙin yadi mai santsi, sai ɗaukar ido ya ke yi, ga rubutu da zaren zinariya a gefensa, wai ulu ne tsantsa na ƙasar Italiya, Super 180's. Baba ya biya, aka yanka mana yadi huɗu.

Daga nan muka wuce wurin wani dattijon tela, wanda ya koyi ɗinkin kwat a Kaduna tun yana saurayi. Ya warware yadin, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya yi shiru. Can ya ce, "Alhaji, me aka ce maka sunan wannan yadi?"

Baba ya ce, "Ulu ne mana, Malam. Ga shi nan an rubuta a gefe."

Tela ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Ai gefen yadi ba ya gardama, abin da aka rubuta masa shi zai ɗauka."

Sai ya zare silin zare guda daga bakin yadin, ya ƙyasta ashana ya kara masa. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi, ya narke kamar leda, ya bar wani ɗan dunƙule mai tauri wanda ko an matsa shi ba ya fashewa. Sa'an nan ya laluba cikin buhun ƙyallayensa ya ɗauko wani tsohon ƙyalle, ya yi masa haka nan. Wannan bai yarda ya kama wuta sosai ba, sai ƙauri ya tashi, irin ƙaurin babbakar kan rago ranar Babbar Salla, da ya murza bakin sai ya zama gari. Ya ce, "Wannan shi ne ulu. Naka kuwa roba ce."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi kamar yadda ta yi ran nan ba.

MENE NE ULU?

Kalmar ulu mun aro ta ne daga Turanci, abin da ta ke nufi kuwa shi ne gashin wasu irin tumaki mai laushi, wanda a ke iya kaɗawa a yi zare da shi. Na ce wasu irin tumaki, domin ba kowace tunkiya ke da shi ba. Je ka kasuwar Caranci ko ta Mai'aduwa ka duba. Za ka ga 'yan ƙasa, farare masu baƙi-baƙi a ido da kunne. Za ka ga uda, wadda rabinta na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari. Za ka ga balami, manyan nan na ƙasar Barno. Dukansu gashi gare su irin na akuya, gajere, miƙaƙƙe, mai kauri, ya kan zube don kansa wani ya fito. Ko an tara shi ba zai kaɗu ba, don silin ba ya riƙe ɗan'uwansa.

Ulu kuwa siriri ne ƙwarai, ga shi a lanƙwashe, yana da ɗan tsalle-tsalle kamar wayar da aka naɗe. Wannan lanƙwasa ita ke sa yadin ulu ya koma yadda ya ke bayan an cukuikuye shi, ita ce kuma ke tara iska a tsakanin zare. In an duba sili guda da madubin likita sai a ga jikinsa da ɓawo-ɓawo kamar na kifi. Ku riƙe zancen ɓawon nan, za mu komo kansa wajen wanki. Asalin ulu ɗaya ne da gashin kanmu da farce da ƙaho, shi ya sa ƙaurinsu ya zama ɗaya a wuta. Wani abin mamaki gare shi kuma, yana iya shan laima har wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, mutum bai ji ya jiƙe ba. Watau yana shanye gumi ya sake shi a iska. Roba ba ta yin haka, gumin a jikinka zai tsaya.

Tunkiyar da ta fi kowace suna wajen ulu mai laushi ita ce marino, asalinta kuwa ƙasar Sifen. Sarakunan ƙasar sun daɗe suna hana a fitar da ita waje, don kada wasu su sami irin. Daga baya aka sassauta. Cikin 1765 aka kai wasu Saksoni ta ƙasar Jamus, cikin 1797 kuma wasu 'yan kaɗan suka isa Ostareliya. Yau Ostareliya ce kan gaba a duniya wajen ulun da a ke yin tufafi masu tsada da shi. Akwai kuma wasu gasusuwa biyu da a kan gauraya da ulu, amma na awaki ne. Ɗaya kashimiya, wanda ya samo suna daga Kashmir, a ke kuma samun yawancinsa yanzu daga Sin da Mongoliya. Ɗaya kuma moha, na akuyar angora, wanda Afirka ta Kudu ta shahara da shi. Saboda haka yadin nan da a ke ce masa kashimiya a kasuwanninmu, wanda samari ke ɗinka kaftani da shi, suna ne kawai ya ci. Kashimiya ta ainihi ta fi ƙarfin a tara ta bandir-bandir a kan tebur.

ULU BA BAƘO BA NE A KATSINA

Kada mai karatu ya zaci sai da Turawa suka zo muka san ulu. Ko kusa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke keto hamada daga Tarabulus da Gadamas da Tuwat, su biyo ta Agadas su sauka birnin nan, akwai kayan ulu a cikin kayansu. Larabawan nan da suka zauna unguwar Albaba su ne dillalansa. Mulufi, jan yadin nan mai kauri da a ke yi wa sarakuna da dawakinsu ado da shi, ulu ne. Jar dara da a ke kawowa daga Tunis, ita ma ulu ce. Alkyabba kuwa, wadda har gobe in Sarki zai naɗa mutum sarauta sai an yafa masa ita, daga can arewacin Afirka muka samo ta, da yawansu kuma da yadin ulu a ke yin su.

Baturen nan matafiyi na ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a farkon shekara ta 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya gabatar da gaisuwarsa, Sarki ya ga ta yi kaɗan, aka yi ta kai da komowa, ba a sallame shi ya wuce Kano ba sai da ya nemo alkyabba ya ƙara. Da ya je Kano kuma ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, a ciki har da jan yadi daga Saksoni. Kun ga ashe kakanninmu sun san darajar abin nan shekaru fiye da 170 da suka wuce. Kuma na tabbata ba a sayar musu da shi da rubutun gefe ba, da hannu su ke gane shi.

Abin da bai karɓu ba a wurinmu shi ne ɗinkin kwat ɗin kansa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila cikin 1921, da rawaninsa ya tafi da shi ya komo. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, wadda tsohon gininta ke nan har yanzu an mai da shi gidan tarihi, ta yaye mutane irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sun iya Turanci har Turawa na mamaki, amma ba su bar babbar riga ba. Da ita Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba 1960. Saboda haka kwat a garin nan ya zama tufar aiki. Lauya ya kan sa don kotu ta tilasta masa, ma'aikacin banki don ofis, da an tashi kuwa kowa ya koma kaftaninsa. Sai kuma lokacin ɗari, sa'ad da za ka ga dattijo da asuba ya ɗora kwat ɗin gwanjo a kan jamfa zai tafi masallaci. In ka duba da kyau, sau da yawa kwat ɗin da ke jikin dattijon nan ya fi na ma'aikacin banki zama ulu.

RANAR DA AKA SO A YI TUMAKIN ULU A NAN

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki cikin duk binciken da na yi, malaminmu na aikin gona ne kuwa ya fara tsegunta mini. Ashe a nan Katsina an taɓa gwada kiwon tumakin ulu. A wajen ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai, ma'aikatan kula da dabbobi na Jihar Arewa suka kawo ragunan marino wurin binciken dabbobi da ke Katsina, aka haɗa su barbara da tumakinmu, uda da 'yan ƙasa. Nufinsu a sami tunkiya mai jure zafinmu kamar uwarta, mai ulu kamar ubanta.

Lissafin abin mai sauƙi ne, ɗan aji ɗaya ma zai gane. In rago marino ya hau tunkiya 'yar ƙasa, abin da aka haifa rabi marino ne rabi namu. In aka sake haɗa 'yar da wani ragon marino, jikar ta zama kashi uku cikin huɗu marino. An kai har wannan mataki, an kuma gwada da wani irin ragon Ingila mai dogon ulu da a ke kira Wensleydale. Wata masaniya 'yar Ingila mai suna Marca Burns ta bi fatun dabbobin nan da gashinsu da madubin likita, ta buga sakamakon aikin kashi biyu cikin 1967.

To, ina tumakin su ke yau? Babu su. Gwajin bai zama sana'a ba, kasuwanninmu kuma har yanzu uda ce da balami da 'yan ƙasa. Da na ba wani Bafillace mai kawo mana nono wannan labari, dariya ya yi. Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin yadda ƙarangiya ke yi wa gezar rago da kaka? To, ina ga wanda duk jikinsa geza ce?" Na ga gaskiyarsa. Lissafin nan da na yi a sama yana da baya: gwargwadon yadda jinin marino ya ƙaru ulu ya yi kyau, gwargwadon yadda jinin uwar da ta saba da zafinmu da cututtukanmu ya ragu. Ga shi kuma mai kiwo a nan nama ya ke nema da fata. Ragon da zai yi kuɗi ranar Layya shi ne rago, ba wanda za a jira a sausaye ba, alhali ba masaƙar da za ta sayi gashin. A duk yammacin Afirka wurin da tumakin ulu suka zauna da gindinsu shi ne Masina ta ƙasar Mali, inda Filani ke saƙa barguna da shi tun da daɗewa. Shi ma ulu ne mai kaushi, na bargo, ba na kwat ba.

DAGA BAYAN TUNKIYA ZUWA TEBURIN TELA

Wanda ya taɓa ganin kakarsa tana aikin auduga ba zai sha wuyar gane wannan ba, don hanyar kusan ɗaya ce, sai dai can injuna ke yi. Mu a nan a kan gurje auduga a fitar da gurya, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari, a kai wa masaƙi. Su kuma a kan sausaye tunkiya, galibi sau ɗaya a shekara, a ware ulun kyakkyawa da mummuna, a wanke shi a fitar da ƙasa da maiƙo. Maiƙon ma ba a zubarwa, da shi a ke haɗa wasu mayukan shafawa. Sa'an nan a shiɓe.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In bargo a ke so, ko rigar sanyi, ko kwat mai kauri na ƙasashen ƙanƙara, sai a kaɗa shi haka nan, dogon sili da gajere a cakuɗe, zaren ya fito da kauri da gashi-gashi kamar abawa. In kuwa yadin kwat mai santsi a ke so, sai an ƙara taje shi da mataji, a zubar da gajerun, a jera dogayen su kwanta gefe guda, sa'an nan a kaɗa su da ƙarfi. Zaren ya kan fito siriri mai ƙarfi. Irin wannan shi a ke kira wustad, sunan kuwa na wani ƙauye ne a gabashin Ingila inda aka shahara da yin sa tun zamanin da. Bayan saƙa a kan wanke yadin, a aske ɗan gashin da ya taso, a danne shi da tururi. Masu sana'ar sun ce a nan ne gwani ke fita daban, shi ya sa masaƙun suka taru a wuraren da ke da ruwa mai kyau: Hadasfil da Biradfod a arewacin Ingila, da Biyella a gindin duwatsun arewacin Italiya. A yankin Biyella ne aka kafa Zegna cikin 1910, wani kamfanin kuma, Vitale Barberis Canonico, yana lissafa tarihinsa tun daga 1663. A Landan akwai wani titi, Savile Row, wanda kusan duk teloli ne na kwat, kamar yadda a garuruwanmu a kan sami unguwar marina ko ta maƙera.

Roba kuwa, watau foliyesta, ba ta da tunkiya ba ta da gona. Daga man fetur a ke yin ta. Wasu masana biyu ne suka gano irin wadda a ke tufafi da ita a Ingila cikin 1941.

MA'ANAR LAMBAR DA KE GEFEN YADI

Yanzu bari mu komo kan Super 180's ɗin da ta ci ragunan Baba. Lambar nan tana da ma'ana ta gaskiya, awon sirantar silin ulu ce. Da maikiron a ke auna shi, watau milimita ɗaya a raba ta kashi 1,000. Gashin kan mutum yawanci ya haura maikiron 50. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar masu sana'ar ulu ta duniya ta ajiye, yadin da za a kira Super 100's kada silinsa ya wuce maikiron 18.75. Duk goma da aka ƙara a kan lambar, sai a rage rabin maikiron. Ke nan Super 120's shi ne 17.75, Super 150's kuma 16.25. Lamba na hawa, sili na sirancewa, yadi na ƙara laushi, kuɗi na ƙaruwa, don tumakin da ke ba da irin wannan ulu kaɗan ne.

Amma a nan mutane da yawa ke ruɗewa, su zaci babbar lamba ita ce ƙarko. Ba haka ba ne. Siririn zare ya fi saurin cinyewa a gwiwa da gwiwar hannu da mazaunai. Mai kuɗin da ke da kwat goma, yana fita daga mota mai sanyi ya shiga ofis mai sanyi, shi ya dace da 150 ko 180. Wanda kwat ɗinsa ɗaya ne tak, kullum da shi zai hau babur ya je kotu, a ganina kada ya wuce 100 zuwa 120. Telanmu ma haka ya ce.

Abin da ya fi lambar nan muhimmanci a garinmu shi ne nauyi da irin saƙa. Ku tuna cikin watan Afrilu zafin Katsina ya kan kai awo 40. Yadin da aka yi domin sanyin Turai, mai nauyin giram 350 ko fiye a kowace mita, wanda ya sa shi da bazara ya ɗauko wa kansa azaba. Wanda ya dace da mu shi ne mai giram 200 zuwa 260, mai saƙa sama-ɗaya-ƙasa-ɗaya wadda in ka ɗaga ta ga haske za ka hango 'yan ƙofofi. Sai kuma a lura da shafi. Ina amfanin a sayi ulu mai shan iska, sa'an nan tela ya shafe cikinsa duka da leda? A ce masa ya yi rabin shafi, da yadi mai shan gumi.

Gwajin gane ulu kuwa kun riga kun ji babbansa, watau wuta. A zaro zare ta tsaye da ta kwance duka, don wani yadin zaren tsaye daban ne da na kwance. In ya yi ƙaurin gashi ya zama gari, ulu ne. In ya ci da sauri ya yi warin takarda, auduga ce ko zaren da a ke yi da itace. In ya narke, roba ce. In ya yi ƙauri kuma ya bar dunƙule, gauraye ne. Ban da wannan, ka damƙi yadin a tafin hannunka ka ɗan jima, ka sake. Ulu zai miƙe a hankali, ba zai bar layi mai kaifi ba, ba ya kuma irin ƙyallin nan na gilashi. Akwai wata alama kamar ƙulluwar zare mai baƙi da fari, Woolmark, wadda aka fito da ita cikin 1964 domin shaidar ulu tsantsa. Tana da amfani, amma wanda ya iya saƙa sunan Italiya a gefen yadi ai zana ƙulluwar zare ba zai gagare shi ba.

Ban ce yadin da aka gauraya ba shi da kyau ba. Rabi ulu rabi roba yana da araha, yana da ƙarko, yana riƙe karin guga, ga ɗalibi ko sabon ma'aikaci ba laifi. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan abin da ba shi ba ne, a karɓi kuɗin wancan. Ba kuma kullum mai kanti ke da ha'incin ba. Yawancin yadinmu daga Kantin Kwari na Kano a ke saro shi, su kuma daga ƙasashen waje, rubutun gefen kuwa tun daga masaƙa a ke yin sa. Sau da yawa mai sayarwa bai taɓa ƙona zare ba tun da ya fara kasuwanci.

YADDA A KE ADANA SHI

Na ce ku riƙe zancen ɓawo. In ulu ya haɗu da ruwan zafi da sabulu da cuɗa, ɓawon silin nan sai ya sarƙe da juna, yadi ya tsuke ya yi tauri, ba kuwa zai sake komawa ba har abada. Da gangan a ke yin haka wajen yin dara: a kan saƙa ta ƙatuwa, a yi ta cuɗa ta cikin ruwa har ta tsuke ta zama daidai kai. To, wanda ya ba wa mai wanki kwat ɗinsa ya jefa cikin baho, dara ya ce a yi masa. Kwat sai wankin sinadari, shi ma ba kullum ba. Abin da ya ke so shi ne in an tuɓe a kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, balle da hunturu, a rataye shi a maratayi mai faɗin kafaɗa, a inuwa, ya sha iska kwana guda kafin a sake sawa. Wajen guga kada dutse ya taɓa shi kai tsaye. A shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan laima a bisa, a danna, a ɗaga. In ba haka ba sai ya yi ƙyalli kamar bayan tukunya. Mai dutsen gawayi kuma ya yi hankali da tartsatsi.

Babban abokin gabansa shi ne asu. Ba ya cin roba, ulu ya ke so, musamman inda gumi ko miya ta taɓa. Saboda haka kada a ajiye kwat da dauɗa, a kuma sa kafur cikin akwati, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa kayan lefensu.

Game da namu yadin, Baba ya koma wurin mai kanti, ya rantse shi ma haka aka sayar masa, ya ce kuma yadin da aka yanka ba ya komawa. Dattawan layin suka sa baki ya mayar da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Da wannan ne telan ya ja Yaya zuwa wurin 'yan gwanjo, suka yini suna tona dila, yana shafawa yana ajiyewa, har ya sami wani baƙin kwat da wandonsa, ulu tsantsa, mara nauyi, wanda asu bai taɓa ba. Ya farke shi, ya rage kafaɗa da hannu, ya sake maɓallai, kwana shida yana aikinsa. Da shi Yaya ya tafi Bagauda. Yadi huɗun nan na Italiya kuwa ni aka ɗinka wa kaftani da wando da su. Na sa su ranar Ƙaramar Salla na je kallon hawa Ƙofar Soro, kafin Sarki ya iso na jiƙe sharkaf.